"Ba da ni ba", "ban da ni" da "ba ruwana": duk ɗaya ne ko da bambanci?

Ɗan Auta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana Hausa da ma waɗanda ba masana ba ku zo ku raba mana gardama, mun daɗe muna ja da wani abokina har yanzu ba wanda ya sauko.

Maganar a kan "ba da ni ba" ce. Ni dai a sanina idan aka kawo wani abu da za a yi tare, tafiya ce ko karo-karo ko wani shiri dai, kai kuma ba ka ra'ayi, sai ka ce ba da ni ba, shi ke nan ka fita, ba zagi ba ne kuma ba raini ba ne. Shi kuma ya kafe wai maganar tana da ƙaiƙayi, wai duk wanda ya ce maka ba da ni ba to ba fita kawai ya yi ba, gaya maka ya yi a fakaice cewa abin da kake shirin yi shirme ne ko kuma akwai rigima a gaba. Wai in mutum yana so ya zame cikin mutunci "ban da ni" zai ce. Na ce masa ai ban da ni da ba da ni ba duk kanwar ja ce, ya ce sam ba haka ba ne.

Muna cikin haka wani na uku ya tsoma baki ya ce mu duka mun yi nisa, wai ainihin abin da Bahaushe ke cewa shi ne "ba ruwana", sauran duk rassa ne. To ni kuma kunnena bai yarda da wannan ba, don in aka ce wa zai zo wasan ƙwallo gobe na ce ba ruwana, ai sai a kalle ni a ce me aka yi maka?

To ina gaskiyar take? Kuma ana iya gaya wa babba ba da ni ba, ko sai tsakanin sa'o'i? Na gode.

Malam Mai Alli:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, amma shi ma ya ɗan zarce. Bari mu bi su a hankali.

"Ban da" kishiyar "har da" ce, aikinta cire abu daga cikin lissafi. Kowa ya zo har da wane, kowa ya zo ban da wane. Ka ga ke nan inda ta fi zama daram shi ne lokacin da ake tattara sunaye, ana cewa wa da wa za su, kai kuma ka ce ban da ni, wato in kuna ƙirga kada ku ƙirga da ni. Ba ta ce komai a kan abin da za a yi ba, mai kyau ne ko mara kyau, suna kawai ta cire. Shi ya sa take da sanyi a kunne. In ka ƙara mata "wannan karon" ma sai ta ƙara laushi, wannan karon dai ban da ni, ka bar ƙofa a buɗe ke nan, gobe in an sake kira ba wanda zai ji nauyin neman ka. Ita dai wannan "ban da" ɗin ce muke ji a wajen hani, ban da surutu, ban da ƙarya, can ma cirewa ake yi, komai an yarda a yi amma a fid da wannan.

Ita kuwa "ba da ni ba" guntuwar jimla ce aka yanke mata jela. Cikakkiyarta ita ce ba da ni za a yi wannan ba. Duba kishiyarta ka gani, in mutum ya ce "da ni za a yi" ko "da mu aka yi", ai ka san da ƙarfi ya faɗa, ya jawo "da ni" ɗin ya kawo gaba ne don ya jaddada, har da ɗan bugun ƙirji. To in ka kore wannan da ba…ba, ƙarfin nan bai tafi ko'ina ba, yana nan, juyawa kawai ya yi. Abin da kunne ke ji shi ne: ku je ku yi, wataƙila ku samu waɗanda za su bi ku, amma ni kam a'a. Daga nan ƙaiƙayin da abokinka ke faɗi ya samo asali. Galibi ba a cewa ba da ni ba a kan abin da mutum ke sha'awa lokaci ne kawai ya hana shi. Wanda aiki ya riƙe ba zai ce ba da ni ba, zai ce ba zan samu dama ba. An fi faɗinta a kan abin da mutum ya hango wahala ko asara ko abin kunya a cikinsa, a ce za a shiga wata harka mai ribar da ta wuce hankali, ko za a je a tare wani a yi masa rashin mutunci, ko a yi tafiyar dare a hanyar da ba ta da kyau.

Inda abokinka ya zarce shi ne da ya ce kullum haka take. Tsakanin abokai ana faɗinta da dariya a kan abin da bai kai ya kawo ba, a ce gobe da asuba za a fita gudu, wani ya ja bargo ya ce ba da ni ba, wa zai ji haushi? Murya da fuska su ne rabin ma'anar. Ka gwada faɗin waɗannan da bakinka ka ji: "ni kam ba da ni ba", "ba dai da ni ba", "wallahi ba da ni ba". Ta farko zamewa ce, ta biyu har da ɗan mamakin yadda aka ma yi tunanin za ka yarda, ta uku kuwa an rufe ƙofa an sa sakata.

Shi kuma na ukunku ya shigo da wata magana daban. "Ba ruwana" ba shiga ko fita take aunawa ba, alhaki take saukewa. Kafin abu ya faru gargaɗi ce, in ka faɗo ba ruwana. Bayan ya faru kuma kariya ce, yaro ya ga kofi ya fashe ya ɗaga hannu ya ce ba ruwana. Hujjar da za ta nuna maka ba ɗaya suke ba ita ce kana iya haɗa ta da shiga: zan raka ku, amma in ta ɓaci ba ruwana. Ga mutum yana ciki tsundum kuma yana cewa ba ruwansa. Ba za ka taɓa iya yin haka da ba da ni ba.

Abin sha'awa ma, in aka ce wane ba ruwansa, yabo ne, mutum ne mai sauƙin kai da bai shiga sabgar kowa. In kuma aka juya ta aka ce ina ruwanka, to faɗa ake nema.

Uwar Biyu:

Malam ya gama da nahawu, Allah ya ƙara ilimi. Ni ta ɓangaren tambayarka ta ƙarshe zan shigo ƙanina, don a wajena wa kake gaya wa ya fi wace kalma ka ɗauka muhimmanci.

Babba ba a ce masa ba da ni ba, ko da kuwa da murmushi ne. Ko ban da ni ɗin da ake cewa mai sanyi ce, in mahaifinka ko yayan mahaifiyarka ko shugabanka a wajen aiki ne ya kira ka, ka tsaya a gabansa ka ce ban da ni, sai ya ji kamar ka yanke hukunci kai kaɗai ka zo kana sanar da shi. Abin da babba ke so ya ji shi ne kana neman ya sake ka, ba kai ka saki kanka ba. Shi ya sa ake cewa a yi mini afuwa, ko a yi mini uzuri, ko da na so ƙwarai sai dai kaza ya gitta. Duk inda aka je aka dawo ba za ka ɗin ba ne, amma ka bar masa girmansa, shi zai ce ba komai je ka.

Akwai ma wadda ta fi wannan dabara, ban ga wanda ya ambata ba, ita ce addu'a. Ku saurara da kyau in ana sa ranar wani abu. Wanda zai je cewa yake Allah ya kai mu. Wanda ba zai je ba sai ka ji ya ce Allah ya kai ku lafiya, ko Allah ya sa a yi lafiya a gama lafiya, ko Allah ya ba da sa'a. Ya cire kansa da "ku" ɗin nan kawai, bai ce a'a ba bai ce ban da ni ba, kuma duk mai hankali a wajen ya gane. Iyayenmu mata sun ƙware a wannan, za a yi sallama ana ta godiya, sai an fita ƙofa za a tuna ashe fa ba ta ce za ta zo ba.

Amma fa ni abin da ya fi ci mini rai ba mai cewa ba da ni ba ba ne. Wallahi na fi son sa sau dubu a kan ɗan "to insha Allah". Duk wanda ya taɓa ɗaukar nauyin shirya wani abu ya san me nake nufi, kana ƙirga mutane don ka san girman motar da za a ɗauka ko kason da zai faɗa kan kowa, wannan ya ce insha Allah, wancan ya ce zan duba, wata ta ce bari mu ga yadda ta yiwu, kai kuma ka rubuta su duka, ranar na zuwa waya a kashe, ko ta yi ta ringin ba a ɗauka, sai bayan kwana biyu a turo maka saƙo wai wallahi wani abu ne ya taso. Tun ranar farko ya san ba zai zo ba, kunya ce ta hana shi faɗa, sai ya ɗauki kunyar tasa ya mayar da ita asarar wani. Kuma ni ina ganin bai dace a riƙa ɓuya a bayan insha Allah ba, kalma ce ta wanda ya yi niyya yake neman Allah ya cika masa, ba ta wanda ya riga ya yanke ba zai yi ba.

A guruf ɗin WhatsApp kuma abin ya ƙara lalacewa, a can ko insha Allahn ma ba a samu, an karanta ka ga alamar an karanta, shiru. Na san ana cewa shiru ma magana ce, to amma mai rubuta suna ba zai iya rubuta shiru ba. In sa'anka ne ya tambaya, rubuta "wannan karon ban da ni, Allah ya ba da sa'a" bai fi sakan biyar ba.

Sarkin Zolaya:

hhhh ni duk wannan dogon bayanin bada ni ba. amma tsakani da Allah akwai karin maganar da nake ji tun ina yaro wai bada ni ba gada a makabarta, har yau ban gane ba, gadar mota ce aka gina a makabarta ko kuwa gadar daji ce ta shiga ciki? kuma meye abin gudu a ciki, in gadar daji ce ai ni da ni za'a yi

Malam Mai Alli:

Sarkin Zolaya ka ga illar rubutu ba ƙugiya ko? Ba gadar da mota ke hawa ba ce, ba kuma ta daji ba. Gaɗa ce, da ɗ mai lanƙwasa, wasan nan na 'yan mata da ake tafi ana waƙa ana rawa a dandali. Wasu kan ce gaɗa a hurumi, wasu a maƙabarta, wasu a kabari, duk abu ɗaya ake nufi. Gaɗa ba laifi ba ce a inda aka saba yin ta, amma wa zai bi ka ku je ku yi tafi da guɗa a kan kaburbura?

Wannan karin maganar ma ita ce babbar shaidar abokin Ɗan Auta. Da Bahaushe ya tashi neman abin da zai jingina wa "ba da ni ba", bai ɗauko aikin alheri da mutum ya rasa lokacin yi ba, abin da bai dace ba ya ɗauko, wanda ga rashin ta-ido ga kuma tsoron abin da zai biyo baya.

Baba Mai Rediyo:

Sannunku yara, sannu Malam. Ni tsohon mai sauraren labaran duniya ne, kuma wannan gardamar taku ta tuna mini yadda kalmomin nan suke yawo a bakin masu karanta labarai, don su ma ƙasashe suna cewa ba da ni ba, kuma a can ne ake ganin bambancin ƙuru-ƙuru saboda akwai doka a kai.

Ku ɗauki Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙasashe 15 ne a ciki, biyar masu kujerar dindindin, Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya da Faransa. Kafin ƙuduri ya wuce sai ya samu ƙuri'a tara, kuma kada ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ta ce a'a. In ta ce a'a, shi ne a Hausa ake cewa ta hau kujerar na-ƙi, magana ta mutu ko da sauran 14 sun yarda. Amma in ta ƙaurace wa ƙuri'ar, abin da wasu ke kira rowar ƙuri'a, to ƙudurin yana iya wucewa abinsa. Kun ga "na ƙi" daban, "ba da ni ba" daban. Na ƙi tana tsayar da abu, ba da ni ba kuwa kai kaɗai take fitarwa, abin yana nan yana tafiya.

Misali a watan Maris na 2011, ƙuduri mai lamba 1973 da ya ba da damar hana shawagin jirage a sararin samaniyar Libiya. Ƙasashe goma suka amince, ba wadda ta ce a'a, biyar suka ƙaurace: Rasha, Sin, Jamus, Indiya da Barazil. Rasha da Sin suna da ikon kashe shi da kalma ɗaya, ba su yi ba, suka ce ba da mu ba. Cikin 'yan kwanaki jiragen yaƙi suka fara ruwan wuta, kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Gaddafi ta faɗi. Daga baya Rasha ta yi ta ƙorafin an wuce gona da iri. To a nan ne nake tambaya, wanda yake da ikon hanawa bai hana ba ya ce ba da ni ba, yana da bakin da zai zo daga baya ya ce ba ruwana? Ni a ganina ba shi da shi cikakke.

Akwai ma wanda ya fi wannan tsufa. A farkon 1950 Tarayyar Sobiyet ta yi fushi ta daina halartar zaman kwamitin gaba ɗaya, saboda an ƙi ba gwamnatin kwaminis ta Sin kujerar ƙasar. Tana can tana fushi yaƙin Koriya ya ɓarke a watan Yuni, kwamitin ya zauna ba ita ya amince a taimaka wa Koriya ta Kudu da sojoji. Da wakilinta na zaune da hannu ɗaya zai ɗaga ya hana. A watan Agusta sai ga su sun dawo kujerarsu.

Sai kuma ƙungiyar da muke kira ta ƙasashe 'yan ba-ruwanmu. An fara share fagenta a taron Bandung na Indunusiya a 1955, aka kafa ta a Belgrade a 1961, manyanta su ne Tito na Yugoslabiya, Nehru na Indiya, Nasser na Masar, Nkrumah na Gana da Sukarno na Indunusiya. Lokacin yaƙin cacar baka ne, duniya ta rabu biyu, ɓangaren Amurka da na Sobiyet, su kuma suka ce ba za su bi kowa ba. Sunan ya zauna a baki kuma yana da daɗin faɗa, amma bisa bayanin da Malam ya yi, in da za a bi diddigi 'yan ba-da-mu-ba ne. Ai da ruwansu, sun yi ta magana a kan mulkin mallaka da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Shiga ƙawancen soja na manyan ne kawai suka ce ban da su.

Ɗan Auta, a cikin gida ma haka take. In ƙannenka suna shirya ɓarna kai ne babba ka ce ba da ni ba ka juya baya, gobe in an zo tambaya ba wanda zai karɓi wannan daga gare ka.

Ɗan Ƙwallo:

Baba ka kawo siyasa, bari ni ma in kawo tawa, don a ƙwallo ma akwai darasin, kuma akwai abin da ba a taɓo ba wato LOKACIN da ka faɗa.

Ban da ni da ba da ni ba duk na kafin a sa sunanka ne. In ka riga ka ce da kai, an ƙirga ka, an tsara komai da kai, to ka wuce wajen, sai dai ka ce na fasa ko na janye, kuma waɗannan ba kyauta ake faɗinsu ba akwai abin da suke jawowa. Najeriya ta ci kofin Afirka a Tunisiya a 1994, ita ke riƙe da kofi, gurbinta na nan a gasar 1996 a Afirka ta Kudu, sai gwamnatin Abacha ta janye ƙungiyar ana dab da farawa, lokacin ana takun saƙa da Mandela bayan rataye su Ken Saro-Wiwa, 'yan fafutukar yankin Ogoni, a Nuwamban 1995. Me ya biyo baya? Hukumar ƙwallon Afirka, wato CAF, ta hana Najeriya shiga ta 1998 a Burkina Faso. Gasa biyu ke nan suka wuce 'yan wasan da a 1996 ɗin nan suka ciwo zinare a Olamfik ta Atlanta, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ƙauracewa kuma wani abu ne daban, ita ba da MU ba ce, taron dangi ake yi mata don a ji a jika. Gasar kofin duniya ta 1966 a Ingila, FIFA ta ce Afirka da Asiya da yankin su Ostireliya duk su yi kokawa a kan gurbi ɗaya tal, ƙasashen Afirka suka haɗa baki suka fice daga wasannin share fage. A 1970 aka ba Afirka gurbinta na kanta, Maroko ta je. Da ƙasa ɗaya ce ta ce ba da ni ba da ko a jikin FIFA.

Sauran da muke amfani da su kullum tunda an zo wajen: "na yafe" sai a kan abin da haƙƙinka ne ko rabonka, an zo raba wani abu ka ce na yafe a ba wani, shi ya sa in aka kira ka aiki ka ce na yafe sai a yi dariya, ai ba kyauta aka ba ka ba. "Na haƙura" kuma ta wanda ya so ne bai samu ba. Amma "a kai kasuwa" ita ce mai zafin, wannan kam ka raina tayin ne ƙarara, ka ce a nemi wani mai saye can gaba, kar ka kuskura ka gaya wa wanda kake jin nauyi.

Ɗan Auta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Malam, Anti Uwar Biyu, Baba, duk Allah ya saka da alheri. Zan tura wa mutumin ya karanta da kansa, na san zai ce shi ya ci, ni kuma zan nuna masa inda Malam ya ce ya zarce.

Saura ɗaya Malam. Wajen rubutu fa? Ina ganin wasu na rubuta "banda ni" a haɗe, wasu "ban da ni", haka ma "bada ni ba" kamar yadda Sarkin Zolaya ya yi. Wanne ne daidai, ko duk wanda aka yi ya yi?

Malam Mai Alli:

A rabe ake rubuta su a daidaitacciyar Hausa, ban da ni, ba da ni ba. Na san a waya kowa haɗewa yake yi don sauri kuma galibi ana ganewa, amma akwai inda take ɓaci. "Banda" a haɗe kalma ce mai zaman kanta, wato busar da nama ko kifi a kan wuta. A baki karin sauti yana raba su ba wanda zai ruɗe, a rubuce kuwa ba a sa alamar karin, sai tazarar nan kaɗai ta rage.

Wadda ta fi haɗari ita ce ta biyun, saboda akwai wata "ba da" ɗin ta bayarwa, ba da kuɗi, ba da labari, kuma da ita ake cewa "ka ba da ni", wato ka kunyata ni, na dogara da kai ka zubar mini da ƙima a gaban mutane. To ka ga in kana sauri ka rubuta "ba da ni" ka manta "ba" ɗin ƙarshe, jimlar ta tashi daga inda ka aje ta. Wannan "ba" ta ƙarshen ita ke riƙe da korewar gaba ɗaya, kar a yar da ita. "Ban da ni" ce ba ta bukatar wata "ba" a baya, kuma kuskure ne a ce "ban da ni ba", ina ganin yara suna rubuta haka, sun haɗa biyun sun dama.

Anti Uwar Biyu, maganar "Allah ya kai ku" ɗin nan da kika kawo, da izininki zan ɗauka in kai wa ɗalibaina in mun zo darasin wakilin suna.

Uwar Biyu:

Ɗauka Malam, na yafe. Amma ka gaya musu ta fi aiki a baki, in a rubuce ne su ƙara da "ni ba zan samu zuwa ba", don akwai masu karanta addu'ar su amsa da amin su kuma rubuta sunanka a cikin masu zuwa.